Jerin Umarni da Matsalar Tsaikon Shafin Intanet

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, intanet ta zama wajibi ga ɗalibi da malami. Sai dai sau da dama ɗalibi a Gusau ko Bunguɗu yakan buɗe shafi ya tarar da allo fari fat, ya ɗora laifin a kan raunin sabis. Alhali wani lokaci matsalar daga ginin shafin take.

1.1 Yadda Tsaikon ke Aukuwa

Burauza, wato manhajar buɗe shafi kamar Chrome ko Firefox, tana karanta rubutun HTML ne daga sama zuwa ƙasa. Da zarar ta ci karo da umarnin JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a 1995, sai ta dakata. Ba ta ci gaba sai ta ɗauko umarnin daga uwar garke ta zartar da shi, domin yana iya sauya abin da ke tafe. Tamkar tirela ce ta tsaya a ƙuntataccen wuri kan hanyar Gusau zuwa Tsafe: duk motar da ke baya dole ta jira. Idan sabis ya yi rauni, jiran sai ya ƙara tsawo.

Haka kuma jeri yana da muhimmanci. Umarnin da ya dogara ga wani, idan ya riga shi aiki, kuskure zai auku, maɓallin aika fom ya ƙi motsi.

1.2 Hanyoyin Magancewa

(a) A ajiye umarnin a ƙarshen shafi, domin rubutu ya fara bayyana.

(b) A yi masa alamar defer. Burauza za ta riƙa ɗauko shi tana ci gaba da karatu, sannan ta zartar bayan ta kammala, bisa jerin da aka rubuta.

(c) A yi masa alamar async. A nan wanda ya fara isowa shi ake zartarwa, ba a kula da jeri. Saboda haka ta dace ne kawai da umarnin da ke zaman kansa.

1.3 Kammalawa

Malamin da zai gina wa makarantarsa shafi ya tuna cewa da ƙaramar waya yawancin ɗalibansa za su buɗe shi. Ya gabatar da darasi, umarni ya biyo baya.

Auna Fahimta

1. Me ya sa burauza ke dakatawa idan ta tarar da umarni?
2. Bambance tsakanin defer da async.