Amlodipine Ko Lisinopril: Wanne Ya Dace Da Mai Hawan Jini?

Idan ka duba takardun da likitoci ke rubuta wa masu hawan jini a asibitocinmu, sunaye biyu za ka fi cin karo da su: amlodipine da lisinopril. Ƙananan ƙwayoyi ne, kowanne sau ɗaya ake sha a yini, kuma dukkansu suna saukar da jini. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukarsu Ɗanjuma da Ɗanjummai, har wani ya ari na maƙwabcinsa idan nasa ya ƙare. Tambayar da aka fi yi wa mai kemis ita ce, "Wanne ya fi ƙarfi?" Alhali abin da ya kamata a tambaya shi ne, wanne ya dace da jikin wannan mutumin.

Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya riƙa kaiwa 140/90 ko ya wuce, a ranaku daban-daban. Bangon jijiyoyin jini yana da tsoka, kuma sinadarin kalsiyam ne ke shiga cikinta ya sa ta tsuke. Idan ta tsuke sai ƙarfin jinin ya ƙaru, kamar ruwan mesa idan an matse bakinta. Amlodipine yana toshe ƙofar da kalsiyam ke bi, sai jijiya ta saki. Yana daɗewa a jiki, domin sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, saboda haka wanda ya makara bai sha a kan lokaci ba, jininsa ba zai yi tsalle nan take ba. Ana kuma ba da shi ga mai ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jini bai wadaci tsokar zuciya ba.

Lisinopril kuwa wata hanyar yake bi. Ƙoda tana fitar da wani sinadari mai suna renin, wanda daga ƙarshe ke haifar da angiotensin II, shi kuma ya tsuke jijiyoyi, ya sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Lisinopril yana hana samuwar wannan angiotensin II. Abin mamaki, dangin wannan magani daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Brazil suka samo asali, na farkonsu shi ne captopril, sannan aka amince da lisinopril a Amurka a 1987.

To a nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. Yawancin baƙar fata masu hawan jini renin ɗinsu ba shi da yawa, gishiri ne ya fi taɓa su. Maganin da aikinsa ya rataya a kan renin, idan shi kaɗai aka sha, bai cika yi musu tasiri sosai ba. Babban binciken nan na ALLHAT da aka fitar da sakamakonsa a 2002, wanda ya gwada waɗannan magunguna a kan mutum fiye da 33,000, ya nuna cewa a cikin baƙaƙe, waɗanda aka ba lisinopril jininsu bai sauka kamar na sauran ba, kuma shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu. A 2019 kuma aka buga binciken CREOLE, wanda Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, ciki har da Nijeriya da Kamaru, a kan marasa lafiya 728. An gwada haɗin magani bibbiyu, sai aka ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Don haka a ganina, Bahaushen da hawan jini ne kawai ke damunsa, babu wata lalura a gefe, amlodipine ne ya fi cancanta a fara masa da shi, kuma haka ƙa'idar likitocin Ingila ta tanada ga 'yan asalin Afirka.

Sai dai lisinopril yana da fagen da amlodipine ba ya kama ƙafarsa. Mai ciwon suga da aka fara ganin furotin a fitsarinsa, lisinopril na rage saurin lalacewar ƙodarsa. Wanda zuciyarsa ta gaza harba jini yadda ya kamata, ko wanda ya tashi daga bugun zuciya, wannan dangin magani na ƙara masa kwana da yardar Allah. Amlodipine ba ya yin wannan aikin. Sau da yawa ma haɗa su ake yi, domin a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwaya ɗaya mai ɗauke da su biyun a jerin muhimman magungunanta.

Kowannensu kuma da irin illarsa, kuma rashin saninta ne ke sa mutane watsar da magani. Mai shan amlodipine, musamman na miligiram 10, yana iya ganin idon sawunsa ya kumbura da yamma, takalmi ya matse shi, idan ya danna wurin da yatsa ya lotsa. Sai hankali ya tashi a ce ƙoda ce, wasu ma su ce jifa aka yi. Yawanci ruwa ne ya taru saboda jijiyoyi sun buɗe, kuma likita na iya rage adadin ko ya haɗa shi da lisinopril, kumburin ya ragu. Shi lisinopril busasshen tari yake kawowa ga kusan mutum 1 cikin 10, tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro da ke hana barci. Za ka ga mutum ya shanye kwalaben maganin tari, har an tura shi gwajin tibi, ba wanda ya tuna da ƙwayar da yake haɗiya kullum da safe. Maganin abin shi ne a canza masa zuwa losartan ko makamancinsa. Wanda leɓensa ko harshensa ya kumbura bayan shan lisinopril kuwa, ya daina nan take ya garzaya asibiti, domin numfashi na iya toshewa, kuma wannan ya fi faruwa ga baƙar fata.

Mai juna biyu ba ta shan lisinopril ko kaɗan, saboda yana lalata ƙodar jariri tun yana ciki. Akwai nata, irin su methyldopa da nifedipine. Haka nan mai shansa yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci don a duba ƙoda da yawan fotashiyam. Idan amai da gudawa suka kama shi, ko ruwan jikinsa ya ƙafe a zafin bazara, sannan ya ɗora diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, ƙoda na iya tsayawa cak. Mai niyyar azumi ya tuntuɓi likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa lokacin sha.

Babu ɗayansu da ke warkar da hawan jini, riƙe shi kawai suke yi, kuma gishiri da magi da kanwa suna rage musu ƙarfi. Idan naka ya ƙare, ko wata illa ta dame ka, ɗauki kwalin ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, kada ka karɓi na wani.