Mallaka a Harɗaɗɗun Sunaye: Kwatanci Tsakanin Hausa da Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Harɗaɗɗen suna shi ne wanda aka gina da kalmomi biyu ko fiye, amma suka haɗu suka ba da ma'ana ɗaya, kamar gashin-baki da jirgin-ƙasa da ɗan-sanda. Malamin da aka tura koyarwa a Zurmi ko Shinkafi zai iske ɗalibai suna tuntuɓe wajen nuna mallaka a irin waɗannan sunaye, a darasin Hausa da na Ingilishi duka. Wannan babi zai nuna cewa ƙa'ida ɗaya ce ke aiki a harsunan biyu: jam'i yana neman jigon suna, ita kuwa mallaka tana sauka a ƙarshensa.

2.0 Yadda Abin Yake a Ingilishi

A Ingilishi ana nuna mallaka da harafin s, tare da wata alama mai kama da alhamza kafinsa. Idan sunan harɗaɗɗe ne, sai a ɗora alamar a kan kalmar ƙarshe:

a. my father-in-law's farm, wato gonar surukina
b. the Emir of Zurmi's horse, wato dokin Sarkin Zurmi

A misali na biyu, dokin na Sarki ne, ba na garin Zurmi ba, amma duk da haka alamar ta tsallake Emir ta sauka a kan Zurmi, domin an ɗauki jerin kalmomin a matsayin dunƙule guda. Jam'i kuwa yana komawa kan jigo, shi ya sa ake cewa fathers-in-law. Ɗalibin da ya rubuta father's-in-law farm ya cakuɗa ƙa'idojin biyu, kuma zai rasa maki a jarrabawa.

3.0 Yadda Abin Yake a Hausa

Hausa ma haka take yi. Jam'in ɗan-sanda shi ne 'yan-sanda, wato an sauya jigo. Amma mahaɗi da gajeriyar mallaka a ƙarshe suke zuwa: 'yan-sandanmu, gashin-bakinsa. Ba a cewa gashinsa-baki.

Matsalar da ke tasowa ita ce zaɓi tsakanin -n da -r. A nan a lura da misalai biyu:

a. Jirgin-ƙasan Ƙauran Namoda ya fara zuwa a 1929.
b. Uwargidan malam ta tafi kasuwar Shinkafi.

A misali na farko, kalmar ƙasa jinsin mace ce, amma mahaɗin ya bi jinsin jirgi, sai aka sami -n. Da za a ce jirgin ƙasar Nijar, da ma'ana ta sauya, ta koma jirgin da ƙasar Nijar ta mallaka. A misali na biyu kuwa, uwargida mace ce, kamar yadda wakilin suna ta ya nuna, amma mahaɗin ya bi kalmar gida. Ke nan ba kullum ne jigo ke jan ragama ba, dole malami ya saurari yadda Hausawa ke furta kowace kalma.

Haka kuma, ɗalibin Zamfara yakan ce gashin-bakinai da uwargidanai. Wannan karin harshen yamma ne, ba kuskure ba. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa daidaitacciyar Hausa tana rubuta gashin-bakinsa, ba tare da ya kushe masa harshen gida ba.

4.0 Inda Suka Bambanta

Ingilishi yana ɗora alama a kan mai abu, ita kuwa Hausa tana ɗora mahaɗi a kan abin da aka mallaka. A gidan Sarkin Kiyawa, kalmar gida ce ta ɗauki -n, sarautar ba ta sauya ba. Rashin lura da wannan shi ke sa ɗalibi ya juya tsarin kalmomi idan ya zo fassara.

5.0 Kammalawa

Idan malami ya fara da abin da yaro ya sani a Hausa, zai fi saurin kama ƙa'idar Ingilishi, domin da ma yana amfani da irinta a bakinsa.

Aikin Yi

1. Kawo harɗaɗɗun sunaye biyar, ka ɗora wa kowanne gajeriyar mallaka.
2. Bayyana dalilin da ya sa ake cewa jirgin-saman Kano, ba jirgin-samar Kano ba.