RUWA NAWA YA KAMATA MACE TA SHA A YINI?

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau, abu biyu ne da na gani da idona a nan Bugaje ta ƙasar Jibiya, cikin bazarar da ta wuce. Na farko, wata yarinya ce a ajina, mai ƙoƙari ƙwarai, amma kullum da an komo daga tara sai ta kifa kai bisa tebur, wai kanta ke ciwo. Da na ja ta gefe na bincika, ashe tun kokon safe ba ta sa ruwa a baka, don tana jin kunyar neman izinin zagayawa.

Na biyu kuwa maƙwabciyata ce. Ta same ni ina wanke-wanke, ta ce, "Malama, ashe ruwa yana narkar da kitse?" Na ce, "Yaya, wa ya gaya miki?" Ta ce a waya ta ji. Tun daga ranar kullum da asuba sai ta shanye jug biyu a tsaye, har cikinta ya riƙa ƙugi, tana jin amai. Ga shi an yi wata guda, zanenta bai ƙara ko kamu ɗaya ba.

To, kun gani, ɗaya ta gaza, ɗaya ta zarce. Bari mu duba inda daidai yake.

AIKIN RUWA A JIKI

Wajen rabin nauyin jikin mace ruwa ne. Shi ke tsinka jini ya gudana, shi ke taimakon ciki wajen narkar da tuwo, da shi kuma ƙoda ke wanke dattin jiki ta fitar cikin fitsari. In zafi ya yi, gumi ne ke sanyaya mu, kamar yadda randa ke tsatsafo ta sanyaya ruwan da ke cikinta. Watau kullum muna zubar da ruwa ta gumi da fitsari da bayan gida, har ma ta numfashi. Abin da ya fita kuwa tilas a mayar.

Idan ba a mayar ba, sai ciwon kai, da kasala, da jiri, da taurin bayan gida. In abin ya daɗe, yana iya jawo tsakuwar ƙoda. Yarinyar da ke jin ƙishi kuwa ba ta iya tsai da hankali ga lissafi.

TO, NAWA NE?

Kun sha jin ana cewa kofi takwas a yini. Ana jin asalin maganar daga wata hukumar abinci ta Amurka ne, wadda ta ce a 1945 mutum na bukatar wajen lita biyu da rabi, amma ta ƙara da cewa yawancinsa yana cikin abincin da ake ci. Sai mutane suka riƙe kan maganar suka yar da wutsiyar. A 2002 wani masanin ƙoda, Heinz Valtin, ya bi diddigi, bai sami hujjar da ta wajabta kofi takwas ga kowa da kowa ba.

Hukumar kula da abinci ta ƙasashen Turai ta ba da awo a 2010: lita 2 ga mace, lita biyu da rabi ga namiji. Mai ciki ta ƙara wajen sulusin lita, mai shayarwa ta ƙara wajen mililita 700. Wannan awo ya haɗa da ruwan da ke cikin abinci. Saboda haka koko, da kunu, da fura da nono, da miyar kuka, da kankana, da gurji, duk suna cikin lissafi.

Amma fa ku lura, an yi wannan awo ne don masu zama inda ba zafi, ba kuma aikin ƙarfi. Mu nan cikin Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40, har ya wuce. Wadda ta yi daka, ta ja guga, ta tsaya gaban murhu, ko ta je cin kasuwar Jibiya ran Lahadi da rana tsaka, ba za a haɗa ta da matar da ke zaune a Ingila ba.

Shawarata ita ce wannan. Ledar fiya wata rabin lita ce. Ki juye ɗaya cikin moɗarki, ki ga inda ya tsaya, kin san awonki ke nan. Da damina ko lokacin sanyi, awo uku zuwa huɗu a yini, ban da abinci, ya wadatar da yawancinmu. Da bazara ki kai biyar, ko fiye in kina gumi. Ki rarraba shi daga safe zuwa dare.

Akwai kuma ma'aunin da ya fi wannan, ba ya cin ko kwabo. Ki dubi fitsarinki. In fari-fari ne mai ɗan rawaya kaɗan, kina daidai. In ya yi ja kamar shayi, ga shi ɗan kaɗan, jikinki na roƙon ruwa.

MAGANAR RAGE ƘIBA

Gaskiya ɗaya ce, ruwa ba ya narkar da kitse. Da yana yi, da masunta ba su da tumbi. Amma yana taimako ta hanya biyu.

Ta farko, yana tare wuri a ciki. A 2010 masana a jami'ar Virginia Tech ta Amurka suka gwada mutum 48, masu shekara 55 zuwa 75. Dukansu an rage musu abinci, amma wasu aka ce su sha rabin lita kafin kowane ci. Bayan mako 12, masu shan ruwan sun fi sauran raguwa da wajen kilo 2. A 2015 aka sake irin gwajin a Bamingam ta Ingila da mutum 84, bambancin ya zama kilo 1.3. Kun ga akwai amfani, amma ɗan kaɗan ne, kuma sai an haɗa da rage loma.

Ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ki sa ruwa a madadin zaƙi. Ƙaramar kwalbar lemo, mai santilita 35, tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a 2015 kada babba ya wuce wajen cokali 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Ki tuna da sukarin da muke zubawa a zoɓo da kunun zaƙi da shayi. Wadda ta bar kwalba ɗaya kullum ta koma ga randa, ta rage wa jikinta kaya, ta kuma rage wa maigida kashe kuɗi.

Ke 'yar makaranta, kada ki bar abinci ki cika ciki da ruwa wai don ki rame. Jikinki girma yake yi, yana son wake da gyaɗa da ganye da nono.

ABIN DA YA YI YAWA

Kowane abu ya wuce kima ya zama cuta. Ƙoda ba ta iya fitar da abin da ya wuce wajen lita guda cikin awa ɗaya. In aka ɗura mata fiye da haka a kai a kai, gishirin jini sai ya tsinke, a sami amai da ruɗewa, wani lokaci har suma. Haka nan da azumi, kada ki haɗiye na yini duka wajen buɗa baki. Ki bi shi kaɗan-kaɗan har sahur.

Mai ciwon zuciya ko na ƙoda, da mai kumburin ƙafa, awon likita za su bi, ba nawa ba. Wadda kuma ƙishi ya dame ta dare da rana, tana yawan fitsari, tana ramewa ba dalili, ta hanzarta zuwa asibiti a auna ta, gama alamun ciwon sukari ke nan.

Sai babbar magana, uwargida. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a ba shi ruwa, ko da bazara ce. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Ruwan da za ki ɗura masa zai cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, ya kuma iya kawo masa zawo. In kin ji tausayinsa don zafi, ke ki sha, ki ƙara ba shi mama. In Inna ko Gwaggo ta yi faɗa, a yi mata bayani cikin ladabi, ko a tafi da ita wurin awo ta ji daga bakin ma'aikaciya.

WANE IRIN RUWA?

Yawan ruwa ba shi da amfani in ba shi da tsabta. Iyayenmu sun san wahalar kurkunu, wadda ruwan tafki ke kawowa. Da tacewa da gyaran rijiyoyi aka kore ta, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da ita. Amma amai da gudawa na nan. A 2021 cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina kuwa na cikin inda ta yi ɓarna.

Saboda haka ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, in ba ki amince da shi ba, ki tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ki wanke randa a kai a kai, ki rufe ta da faifai. A ware moɗar ɗiba dabam da ta sha, kada yara su riƙa tsoma hannu. In zawo ya kama wani, a kaɗa ƙunshin gishiri da sukari na asibiti cikin lita guda, watau leda biyu, a riƙa ba shi, a kuma nufi asibiti.

Yarinyar nan tawa yanzu da gorarta take zuwa, na kuma gaya wa ajin duka ba kunya a neman izinin zagayawa. Ciwon kan ya tafi. Maƙwabciyata ta bar jug biyu na asuba, ta koma moɗa ɗaya kafin cin abinci, ta rage sukarin shayi. Na ce mata ta yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

Ku gwada awon moɗa cikin makon nan, ku rubuto mini abin da kuka gani. Allah ya ba mu lafiya, amin. Haza wasalam.