Yadda Mai Waya Kaɗai Zai Fara Koyon Sana'ar Kwamfuta, Ya Kuma Gane Fannin da Ya Dace da Shi

"Wane fanni ne ya fi kawo kuɗi?" Wannan ita ce tambayar farko a bakin mafi yawan matasan da ke son shiga harkar fasaha, kuma duk wanda ya yi ta zai sha amsoshi. Wani ya ce tsaron intanet, wani ya ce ƙirƙirar manhaja, wani ya rantse cewa yanzu zamanin ƙirƙirarriyar basira ne. Sai matashi ya sauke darussa uku a lokaci guda, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, bayan wata biyu data ta ƙare, zuciya ta yi sanyi, babu abu ɗaya da zai buɗe ya nuna wa wani ya ce shi ya yi. Wanda ya fi rashin sa'a ma har kuɗin makaranta ya biya wa wani da ya yi masa alkawarin fara karɓar dala cikin mako shida.

Labarin albashi ba ya nuna wa mutum fannin da zai iya jurewa. Gwaji ne ke nunawa, kuma gwajin farko bai fi wata ɗaya ba, ana iya yinsa da wayar Android da ke aljihu.

Aiki nawa ne a cikin tura kuɗi sau ɗaya?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar fannonin ita ce a duba abin da kowa ke yi kullum: tura kuɗi ta manhajar banki. Kafin a rubuta ko layi ɗaya na manhajar, akwai wanda ya zauna ya zana ta, ya yanke inda maɓallin turawa zai zauna, da launinsa, da gargaɗin da zai fito idan lambar asusu ba ta cika goma ba. Wannan shi ne mai tsara fasali, kuma yawanci da Figma yake aiki. Sai wanda ya mayar da zanen ya zama abin da ake dannawa ya motsa, wato mai gina ɓangaren gaba. Da aka danna maɓallin, saƙo ya bar wayar ya tafi wata kwamfuta mai nisa, inda wani umarni zai duba ko kuɗin sun isa, ya cire a nan ya ƙara a can, ya rubuta a rumbun bayanai. Wanda ya rubuta wannan umarni shi ne mai gina ɓangaren baya, ba a ganin aikinsa sai ranar da aka cire kuɗi ba su je ba.

Bayan waɗannan akwai mai kula da hanyoyin sadarwar da saƙon ya bi, akwai mai tsaro da ke neman ɓaraka kafin masu kutse su gano ta, akwai kuma mai nazarin bayanai da zai duba dubban hada-hada ya gaya wa kamfani a wace sa'a aka fi samun matsala. Mutum shida ke nan, halinsu daban, kayan aikinsu daban. Wanda ya ce yana son "shiga tek" tamkar wanda ya ce yana son aikin asibiti ne bai faɗi ko likita ko mai awon jini ba.

Abin da waya za ta iya, da inda ƙarfinta ya tsaya

A nan ne ake yawan yaudarar masu farawa ta fuska biyu. Wasu na cewa ba a koyon komai sai da kwamfuta, wasu kuma na cewa waya ta isa har a zama ƙwararre. Duka biyun akwai ƙari a ciki.

Waya tana iya ɗaukar harsuna ukun da ake gina shafin intanet da su: HTML mai shimfiɗa rubutu da hotuna, CSS mai kwalliya da jeri, sai JavaScript mai sa shafi ya amsa idan an taɓa shi. Manhajoji irin su Acode da Spck Editor suna ba da damar rubutawa a kuma ga sakamako nan take. Mai son Python yana da Pydroid 3, inda zai rubuta print("Sannu da zuwa") ya danna, kalmomin su bayyana a allo. Akwai kuma Termux, wadda ke buɗe wa mutum baƙin allon Linux a cikin wayarsa, ya girka Python da Git ya riƙa ba da umarni kamar mai kwamfuta. Ƙaramin kibod na Bluetooth, ko na waya da aka haɗa ta OTG, yana rage wahalar rubutu sosai, domin neman alamomin baka da waƙafi a madannan allo yana cin rai.

Sai dai akwai iyaka. Android Studio, wadda ake gina manhajojin Android da ita, tana buƙatar kwamfuta mai RAM aƙalla 8GB. Manhajar iPhone kuwa ana haɗa ta ne da Xcode, wadda a Mac kawai take aiki. Power BI Desktop na masu nazarin bayanai a Windows take. Figma ta waya don kallon zane aka fi yin ta, ainihin aikin a babban allo ake yi. Saboda haka matashin da ke da waya kaɗai ya kuma kafe sai manhajar Android zai fara da ita, ya zaɓi ƙofar da ke kulle. Shafin intanet ne ƙofar da ke buɗe gare shi, kuma abin da ya koya a can ba ya ɓata: JavaScript ɗin da ya yi shafi da shi, da shi ake rubuta ɓangaren baya ta Node.js, da shi ake gina manhajar waya ta React Native.

Gwajin wata ɗaya

A ce matashi yana da ɗan'uwa mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ko yaya mai sayar da turaren wuta daga gida. Aikin watan shi ne ya gina wa wannan sana'a shafi ɗaya: suna, hotunan kaya shida, farashi, da maɓallin da zai kai mai saye kai tsaye WhatsApp. Maɓallin ba shi da wuya, adireshin wa.me ne a bi shi da lambar waya mai farawa da 234 ba tare da sifirin farko ba.

Kwanaki goman farko HTML da CSS za su cinye. Darussan freeCodeCamp kyauta ne, rubutu ne ba bidiyo ba, don haka ba sa shan data. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Daga nan sai a ƙara ɗan JavaScript: mai saye ya rubuta turmi nawa yake so, shafi ya lissafa masa jimilla. A makon ƙarshe a ɗora aikin a GitHub, a kunna GitHub Pages, wanda ke sa shafi a intanet ba tare da biyan ko sisi ba. Yanzu akwai adireshin da za a tura wa mutane.

Amfanin watan ya wuce shafin. A tsakiyar aikin dole wani abu ya ƙi: hoto ya ƙi fitowa saboda sunan fayil ya bambanta da harafi ɗaya, ko lissafi ya ba da 25 a inda ake jiran 7, domin JavaScript ya ɗauki 2 da 5 a matsayin rubutu ya manna su. Abin da mutum ya ji a wannan lokaci shi ne amsar tambayarsa. Akwai wanda zai kwana yana tunanin matsalar, ya tashi da asuba ya gano ta, ya ji daɗin da ba zai iya bayyanawa ba. Wannan kodin ya karɓe shi, ya ci gaba. Wani kuma lissafin bai dame shi ba, amma ya shafe sa'a uku yana gyara tazarar hotuna da launin rubutu. Hanyarsa tsara fasali ce. Wani zai tsinci kansa yana tambayar ɗan'uwan nasa wace atamfa aka fi saye da azumi, yana jera cinikin a Google Sheets. Ya nufi Excel da SQL, wato nazarin bayanai. Akwai ma wanda duk rubutun zai gundure shi, amma hannunsa na ƙaiƙayin buɗe na'ura. Shi ma bai faɗi ba. Haɗa hanyoyin sadarwa, da ake koya a Cisco Networking Academy har a kai jarrabawar CCNA, sana'a ce, haka gyaran waya da kwamfuta irin wanda ya riƙe dubban matasa a Farm Centre da titin Beirut a Kano.

Lissafin da ake tsoro bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Mai gina shafi ko manhajar kasuwanci da wuya ya wuce tarawa, ninkawa da kaso. Mai son gina ƙirƙirarriyar basira ne zai sha aljebra da ƙididdiga. Turanci ne abin da babu makawa, domin bayanin harsunan da saƙonnin kuskure duk da shi suke zuwa. Ba a buƙatar iya jawabi, karatu da fahimta sun wadatar, kuma suna ƙaruwa da aikin. Matasan Nijar suna da sauƙi ta wani gefe, don akwai darussan Faransanci masu yawa a OpenClassrooms.

Kwamfutar farko da batun takarda

Wanda gwaji ya nuna masa yana so, lokacin tara kuɗin laftof ya yi. Ta hannu ta isa, in dai tana da RAM 8GB, da ma'ajiya irin SSD, da Core i5. Amma a yanayin wutarmu, batir ya fi komai: a cire caja a gaban mai shago a ga yadda kason ke sauka kafin a biya.

Digiri fa? Ya danganta da inda mutum ya dosa. Aikin gwamnati da na manyan bankuna yawanci sai da takarda da shaidar NYSC, don haka mai damar shiga jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha kada ya yar da ita, kuma jami'ar NOUN tana ba mai sana'a damar haɗa biyu. Ƙananan kamfanonin fasaha da masu ba da kwangila kuwa abin da aka gina suke dubawa. Ga mai neman karatu tsararre ba tare da kuɗi ba, akwai CS50 na Jami'ar Harvard da David Malan ke koyarwa, kyauta a intanet, ko da yake yana da nauyi, ya fi kyau a shige shi bayan watan gwaji. A gida kuma akwai shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 tare da hukumar NITDA, wanda ya fara da mutum 30,000 a zangon farko, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano, da CIPMEN a Yamai, da tarukan DevFest da ƙungiyoyin masu amfani da fasahar Google ke shiryawa a ƙarshen shekara, nan ne ake haɗuwa da waɗanda suka yi gaba. Tambaya ɗaya ga wanda ya sani takan warware abin da mutum ya yi mako yana fama da shi shi kaɗai.

Gaskiyar kasuwa

Aikin farko yana da wuyar samu, kuma gara a sani tun yanzu. Andela, kamfanin da ya yi suna a Legas wajen horar da masu farawa yana haɗa su da kamfanonin waje, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 420 a 2019, ya ce ƙwararru kasuwa ke nema. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 kuma, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga, na'ura na yin su cikin daƙiƙoƙi. Mai koyo zai iya amfana da ita matuƙa idan ya manna mata saƙon kuskure ya ce ta yi masa bayani. Idan kuwa ita ke rubuta masa aikin gaba ɗaya yana kwafa, ranar da mai shago ya kira ya ce maɓalli ya daina aiki, zai tsaya yana kallon rubutun da bai san kansa ba.

Sai abubuwa biyu da ake cuɗanya su da sana'ar. Na farko mainin. Waɗanda suka shafe watannin 2024 suna danna Hamster Kombat sun san abin da ya fito ranar rabo, kuma ko da an samu, danna allo ba ya barin wata ƙwarewa a hannu. Na biyu kutse. Yawancin masu cewa tsaron intanet suke so, buɗe Facebook ɗin wani ne a ransu, wannan kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Ainihin fannin yana zuwa ne bayan an san Linux da hanyoyin sadarwa, kuma ana atisaye a dandamalin da aka gina don haka, kamar TryHackMe.

Kuɗin farko na yawancin masu koyo da kansu ba daga Amurka yake zuwa ba. Daga makarantar unguwa yake zuwa, wadda ke son a daina rubuta sakamakon ɗalibai da hannu, ko kantin magani mai son sanin kayan da wa'adinsu ya kusa, ko abokin mai shagon atamfar nan da ya ga shafin ya ce a yi masa irinsa. A irin wannan aiki a yanka farashi tun farko, a rubuta a WhatsApp abin da za a yi da sau nawa za a yi gyara, a karɓi rabin kuɗi kafin a fara, sauran kuma ranar da aka miƙa adireshin.