2.4 Tsukewa da Miƙewar Fim da Tasirinsu ga Awo daga Hotunan Sama

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda ake ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama domin zana taswira. A nan kuma za a dubi wata kafa da kuskure ke shiga awo ta cikinta, wato canjin da ke samun girman fim bayan an ɗauki hoton.

Fim ya ƙunshi abubuwa biyu: shimfiɗar roba, da kuma shafen jelatin mai ɗauke da sinadarin azurfa wanda ke kama haske. Shi jelatin yakan sha laima ya kumbura, in iska ta bushe kuma ya tsuke, ya ja robar tare da shi. Haka nan zafi, da wanki da shanya, da jan da na'ura ke yi wa fim, da daɗewa a ajiye, duk suna canza girmansa. Wannan ya shafi wuri irin Kano ƙwarai, inda iskar hunturu ke bushewa ƙarau, ta watan Agusta kuwa ta cika da laima. Ke nan fim ɗaya na iya ba da awo biyu mabambanta a shekara guda.

Domin a ga girman matsalar, sai a ɗauki misali. Hoton sama da aka saba amfani da shi yana da santimita 23 a kowane gefe. Idan ya tsuke da kashi ɗaya cikin dubu, ya rage milimita 0.23, abin da ido ba zai lura da shi ba. Amma a hoto mai sikelin 1:40,000, wannan daidai yake da mita 9.2 a ƙasa, wanda ya isa ya gusar da iyakar gona zuwa cikin ta maƙwabci.

Ana iya kasa wannan canji gida uku:

(a) Wanda ya zo daidai ta kowane gefe. Wannan sikeli kawai yake canzawa, don haka gyaransa ba wuya.

(b) Wanda na tsawo ya bambanta da na faɗi. Wannan yakan jirkita siffa, murabba'i ya daina zama murabba'i.

(c) Wanda ba shi da tsari, wato wani wuri ya tsuke fiye da wani. Shi ne mafi haɗari, musamman wajen auna tudu da kwari, domin tsayin wuri ana fitar da shi ne daga ɗan bambancin da ke tsakanin hotuna biyu.

An bi hanyoyi da dama don rage wannan kuskure. Na farko, a shekarun 1950 aka fara sauya robar asitet da foliyesta, irin su Cronar ta kamfanin DuPont, sannan Estar ta Kodak, domin foliyesta ba ta shan laima sosai. Na biyu, kyamara tana buga alamomi huɗu ko takwas a gefunan kowane hoto, waɗanda an riga an san ainihin tazararsu. Idan aka auna su a fim aka kwatanta, lissafi zai gyara nau'in (a) da (b). Nau'in (c) kuwa yana buƙatar kyamara mai farantin gilashi da ke buga ƙananan alamomi a jere a duk fuskar hoton.

Tun daga shekarar 2000 kyamarorin sama marasa fim suka fara maye gurbin na da. Duk da haka matsalar ba ta kau ba ga mai amfani da tsofaffin hotuna, kamar waɗanda aka zana taswirorin Nijeriya masu sikelin 1:50,000 daga gare su. Shigar da irin wannan hoto cikin kwamfuta ba ya cire tsukewar da ta riga ta same shi. Saboda haka wajibi ne a fara auna alamomin gefensa kafin a dogara da duk wani awo da za a fitar daga cikinsa.