Kwana biyu cikin garkar ɗanmu a Madawa

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, ku gafarce mu wannan mako, ba labarin tsadar hatsi ko na kuɗin mota muka kawo maku ba. Labarin wata garka ce da muka yi shekara huɗu muna zagi ba mu taɓa ganinta da idonmu ba, sai farkon watan Afrilu, bayan ƙaramar salla, da aka bar mana ita amana tare da jikoki uku.

Ɗanmu na fari malamin lakwal ne a Madawa. Kun san ba a kama sunan ɗan fari, don haka uwarsa Mushe take ce masa, mu ma haka za mu kira shi a nan. Ya bugo waya ya ce shi da maiɗakinsa za su tafi Tawa bikin ƙanwarta, kwana biyu, kuma ba su so su ja yara cikin wannan zafi. Ga wadda ta yi shekara talatin tana saida kayan miya a babbar kasuwar Maraɗi, barin rumfa ba ƙaramin abu ba ne. Amma aka yi lissafi: kasuwa tana ci Juma'a da Litinin, idan aka tashi bayan sallar Juma'a aka komo daren Lahadi, ba a yi babbar asara ba. Muka shiga mota, muka wuce Gidan Rumji, tafiyar sama da kilomita 150, muka isa ana kiran magariba.

Sai mu faɗi gaskiya game da zagin. Lokacin da Mushe ya tara ɗan abin da ya tara, mun so ya kama shago, ko ya sayi babur ya ba wani kabu-kabu. Shi kuwa ya sayi filin da ke bayan gidan da yake zaune, gefen gari wajen fadama, ya gina rijiya, ya kewaye da ƙaya da waya. Uwarsa ta ce ba ta yi tallar yalo ta biya masa littattafai don ya koma riƙon kalme ba. Tun ran nan in an zo maganar, sai ta ce "wahalar nan tasa".

Da asuba ranar Asabar, kafin su kama hanya, ya zagaya da mu. Fangali 18 ne, kowane taki biyu a faɗi, biyar a tsawo. Ya yi ta bayani, amma mu rabin hankalinmu yana ga abin da ido ke gani. A cikin bazarar da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ko'ina ja da fari, sai ga wuri kore shar, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar an yi ruwan farko. Salati ya tsufa, ya yi tsawo ya fara ɗaci, shu an gama cire shi, tumatir yana ba da na ƙarshe. Amma kuɓewa ta taso da furenta rawaya, alayyafo da yakuwa da lalo sun cika fangalinsu, tonka ta yi ja, zogale ya jeru gefen shinge, ga mangwaro biyu da ya tarar a filin sun yi nauyi har an tokare reshe da itace. Wai a ƙasashen Turawa wannan lokaci shi ne na furanni da sanyin iska. Namu na wuta ne, zafi ya kan haura awo 40, shi ya sa duk koren da ka gani cikinsa, wani ne ya ɗauko masa ruwa.

Mun gane haka kafin hantsi. Motar su Mushe ba ta kai bakin gari ba injin ban ruwa ya ƙi tashi. Muka ja igiya har kafaɗa ta gaji, maƙwabci ya zo ya duba ya ce sai mai gyara, mai gyara kuwa ya tafi ƙauye sai Litinin. Abin da ya rage shi ne guga da butar ban ruwa, wadda masu garka ke kira arozuwar.

Ga lissafin, tun da ku mutanen lissafi ne. Kowane fangali yana shan buta huɗu da safe, huɗu da marece, buta ɗaya kuwa lita 10 ce. Fangali 12 sun tashi buta 96 a yini, wato lita 960, kusan tano biyar. Rijiyar ba ta da zurfi, gaba uku ce da ɗan ɗori, domin kwarin Tarka ruwansa kusa yake, abin da ya sa albasa ta zauna a wannan yanki ke nan. Amma gaba uku sau ɗari, ga mutanen da suka ba sittin baya, aiki ne. Tsoho yana ja, tsohuwa tana zubawa, babban jikan mai shekara tara yana kai da kawowa, ƴar tsakiya tana riƙe da ƙaramin kada ya nufi bakin rijiya.

Kun ji mun ce fangali 12, alhali 18 ne. A nan muka yi ɓarna. Sauran shidan albasa ce, irin ta Galmi mai launin shuɗi-ja wadda kuka sani, ganyenta ya kwanta ya fara bushewa, ƙasarta ta tsage. Hajiya ta dube ta, tausayi ya kama ta. Yaron ya ce: "Kaka, Abba ya ce wagga ba a ba ta ruwa." Ta ce: "Kai maigidan banza, kai da ko kuɗin cefane ba ka ba ni, kai za ka koya mani albasa? Tun ba a haifi ubanka ba nike saida ta." Ya ce to shi ya sake ta, ya koma ga amaryarsa ta lakwal. Muka yi dariya, muka shayar da fangali huɗu har suka ƙoshi, da safe da kuma marece. Biyun da suka tsira, ƙarfinmu ne ya ƙare.

Bari mu ajiye wannan tukuna, domin yinin bai tafi a wahala kaɗai ba. Da rana ta take, muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro, inda iska ke biyowa ta kan jiƙaƙƙun fangali ta iso da sanyi. Hajiya ta tsinko zogale ta dafa, ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da tumatir da aka cire nan take, da ɗumin rana a jikinsa. Ta ci ta yi shiru, can ta ce shekara talatin tana saida tumatir, ashe ba ta san ɗanɗanonsa ba. Gaskiya ta faɗa. Wanda ke iso mana kasuwa an cire shi bai gama nuna ba don ya jure hanya, ya kwana cikin kwando, kuma mai saidawa ba ta kai na kirki gida, wanda ya fashe shi ne na tukunyarta.

Yara suka yi ta shan mangwaro har gwiwar hannu. Ƴar tsakiya, wadda Hajiya ke kira kishiya, ta ja mu ta nuna mana fangalinta, ɗan wuri kamar faifai inda ta shuka wake guda bakwai, kowane da sunansa. Ƙaramin ya sami kwaɗo a gindin randa, ya yini yana binsa. Bayan la'asar muka dafa shayi da na'a-na'ar da ke tsiro inda ruwan rijiya ke zuba. Mun yi renon waɗannan yara a gidanmu na Maraɗi sau da yawa, kuma kullum faɗan waya ne da telebijin. A nan ba wanda ya tambayi waya har aka kwanta.

Idon ƴar kasuwa dai ba ya barci. Hajiya tana zaune tana kasa garkar cikin ranta: wannan kashin dala ashirin, wancan na dala hamsin. Ta kirga abin da gida mai mutum biyar ke kashewa kan kayan miya a wata, ta ga jikkunan da surukarta ba ta fiddawa tun daga sanyi har faɗuwar ruwa. A ɗaki kuma ta tarar da buhun kauɗa da surukar ta shanya lokacin da tumatir ya yi araha, da gabu, da busasshiyar kuɓewa, abin miyar damina ke nan. Ga mai albashin da ba ya ganin ƙarshen wata, wannan ba wasa ba ne.

Manya daga cikinku sun tuna yadda noman rani ya bazu a ƙasar nan. Garake sun daɗe, amma bayan farin 1984, yunwar da muke kira El-Buhari, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su sauka fadama da rani maimakon su tafi cin rani. A lokacin abu ne na wanda rumbunsa ya ƙare, kuma da wannan idon muka daɗe muna kallonsa. Yau albasar Galmi da Madawa tana cika manyan motoci zuwa Gana da Kodibuwar, kuma rumfunanmu na kayan miya da ita da zogalen Jiratawa suke tsaye. Sai dai kuɗin aikin ya hau. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa mai araha da injinan garka suka saba sha ya zama labari, har wasu suka maida injinansu na gas, masu hali kuma suka koma ga na hasken rana. Ga tsutsar tumatir, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mai saye. Mushe ba ya fesa piya-piya a abin da ƴaƴansa za su ci. Ƴaƴan bedi yake dakawa, ya jiƙa su kwana ɗaya, ya tace, ya sa ɗan sabulu, ya fesa da marece. Mun ga ganye da huji nan da can, amma yaro ya tsinki tumatir ya kai baki ba ka tashi da gudu ba. Mu da ke saye a hannun masu garka, nawa ne cikinmu suka taɓa tambayar ranar da aka yi feshin ƙarshe?

Lahadi da safe jiki ya ƙi. Tafin hannun tsoho ya yi ƙulli, bayan Hajiya ya riƙe. Muka ba yaran maƙwabta biyu dala ɗari-ɗari suka ja mana ruwan, mu muka zauna muna ba da umarni, aikin da muka fi iyawa.

Da azahar su Mushe suka komo. Bayan gaisuwa ya shiga garka, muna biye da shi muna jiran yabo. Ya tsaya kan albasa, ya durƙusa, ya tura yatsa cikin ƙasa, ya daɗe bai ce komai ba. Surukar ta sunkuyar da kai ta koma ɗaki. Yaron ya ce: "Na hwaɗa masu." Uban ya daka masa harara.

Sannan ya yi mana bayani a hankali, kamar mai jin kunyar abin da zai faɗa. Albasar da za a ajiye, ana yanke mata ruwa kwana goma zuwa sati biyu kafin a cire ta, don wuyanta ya bushe ya rufe, ɓawonta ya yi ƙarfi. Wadda ta sha ruwa dab da cira tana da nauyi da kyan gani, amma ba ta daɗewa, daga wuya take fara ruɓa. Shi kuwa niyyarsa ya cire ranar Talata ya zuba cikin rudu, rumbun albasa na kara da ciyawa da ya ɗaga bisa itace, ya jira watannin bayan damina lokacin da kuɗin buhu kan ninka na yanzu. Da wannan kuɗi yake biyan kayan komawa lakwal na yara a watan Oktoba.

Hajiya ta zauna bisa bakin rijiya. Ta san albasa mai ruɓa cikin buhu, ta sha zubar da ita, ta sha zagin wanda ya saida mata, amma ba ta taɓa sanin daga ina ruɓar take farawa ba. Ta ce: "Mushe, mun yi maka ta'adi." Ya ce: "Haba Inna, ba komi. Waɗanga huɗun sai a saida su yanzu, biyun su shiga rudu." Ta ce ai yanzu albasa ba ta da daraja, kowa cira yake yi. Ya ce haka ne.

Ta yi shiru, sannan ta ce to ita za ta saya, a cire a aiko mata Maraɗi, ta kasa ta a rumfarta da ɗai-ɗai, inda riba take. Ya ce ya ba ta kyauta. Ta ce ba ta karɓar kyautar haja, ya faɗi kuɗi. Ya faɗi na bakin garka. Muna tsaye muna kallo, sai muka ji bakin da ya saba ya fara: ai ƙanana ne, ai ta sha ruwa, ai ga kuɗin mota. Yaron ya ce: "Kaka, ke kika ba ta ruwan!" Ta kai masa duka da gefen gyale, ta biya yadda uban ya faɗa, ta ɗora jikka biyu ta ce na gyaran inji ne.

Mun iso Maraɗi bayan isha'i da kwali cike da mangwaro, da ƙullin zogale, da irin kuɓewa da kishiya ta ɗaure mana a tsumma. Albasar ta iso ranar Alhamis, buhu biyu da rabi, kuma Hajiya ta gaya wa duk wadda ta saya cewa ta dahuwa ce, kada a ajiye. Irin kuɓewar yana nan cikin wani tsohon kwano a bayan ɗaki, guda biyar sun tsiro, ana ba su ruwan alwala.