Ba bakwaini nonon wata mata: me likitoci da malamai suka ce?

Jaririn da aka haifa kafin cikinsa ya kai makonni 37 shi ne bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an haifi irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020. Sau da yawa yana kwance a kwalba, nonon uwarsa kuwa bai kawo ba, musamman in tiyata aka yi mata. To me za a ba shi?

Shawarar hukumar ita ce nonon uwa ne kan gaba. In bai samu ba, sai nonon wata mata da aka tantance, kafin a kai ga madarar gwangwani. Dalili shi ne hanjin bakwaini bai yi ƙwari ba. Akwai cutar da ke sa hanjin ya kumbura har ya ruɓe, tana kuma kisa. Bincike ya nuna cewa nonon da aka bayar kyauta yana rage haɗarinta da kusan rabi in an kwatanta da madara.

Wurin da ake tara nonon shi ne bankin nono, Faransawa na ce masa lactarium. Ana gwada jinin mai bayarwa don gano ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Sai a ɗumama nonon a ma'aunin zafi 62.5 na minti 30 don kashe ƙwayoyin cuta, a daskarar da shi. Kenya ta buɗe nata a asibitin Pumwani na Nairobi a 2019, Uganda ta biyo baya a asibitin Nsambya na Kampala a 2021.

Ga Musulmi akwai wata tambaya: zumuncin nono. Shayar da ɗan wata ba baƙon abu ba ne, Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah (SAW). Amma wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, ba aure tsakaninsa da 'ya'yanta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya nonon ya isa cikin jariri ya wadatar, ko da ba a bakin mama ya sha ba. Ke nan bututun da ake sa wa bakwaini a hanci ma ya shiga lissafi. Bankuna da yawa kuwa haɗa nonon mata suke yi, ba a faɗin sunansu.

Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana kafa irin waɗannan bankuna a zamanta na Jidda a 1985. Sheikh Yusuf al-Ƙardawi ya halatta, haka ma Majalisar Fatawa ta Turai a 2004. A Karachi ta Pakistan an buɗe banki a 2024, aka dakatar da shi saboda wannan saɓani.

Akwai hanyar da ta haɗa buƙatun biyu. A asibitin Adan na Kuwait ba a haɗa nono: ana sada uwar jariri da mai bayarwa su san juna, a kuma rubuta. Malesiya ma tana da irin wannan cibiya a Kuantan.

Wannan darasin ya fi shafar mu mazauna Mont-Bouët da sauran zangunan Hausawa. Ba mu da yawa, kuma junanmu muke aure. Jaririn da maƙwabciya ta taimaka wa yau, bayan shekara ashirin yana iya neman auren 'yarta.

Don haka in an kwantar muku da bakwaini, uwa ta fara tatsa tun ranar farko, ko ɗigo ne yana da amfani. In ta kama a nemi wata, a sanar da likita, a gwada jininta, kada a kawo nono a ɓoye. Sannan a rubuta sunanta, da na mijinta, da ranar, a gaban shaidu, kowane gida ya riƙe kwafi ɗaya.